Daga Kalangu Zuwa Kwamfutar DJ: Gardamar Kiɗan Biki a Abuja

A daren Asabar, a ɗakunan taron biki na Wuse da Maitama, akan ji muryar Mamman Shata ta ɓullo daga lasifika, amma ba kalangu ne a ƙarƙashinta ba, bugun na'ura ne da DJ ya ɗora mata. Nan take matasa su cika fili, liƙi ya kankama, wani dattijo kuwa ya girgiza kai ya ce an ɓata wa Alhaji waƙa. Wannan saɓani ya girmi yawancin masu rawar.

Lokacin da gwamnatin Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, har ya ari sunansa daga tsohuwar Abuja da yanzu ake kira Suleja, kiɗan bikin Bahaushe a hannun makaɗa yake. Shata na da kalangu, Ɗan Maraya Jos na da kuntigi, Barmani Choge na da ƙwaryar amada, Musa Ɗanƙwairo kuma na fada da kotso. Wanda bai iya gayyato su ba sai ya nemi faifan garmaho ko kaset, ko ya jira Rediyon Kaduna. Da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, ma'aikata da 'yan kasuwar Arewa suka zo da kaset-kaset ɗinsu, makaɗan kuwa sai an aika mota Funtuwa ko Jos.

Juyin ya taso ne daga Kano. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, masu shirya finafinai suka ga cewa ɗaukar ƙungiyar makaɗa tsada gare shi, alhali yaro ɗaya da fiyanon Casio ko Yamaha zai kwaikwayi ganga da sarewa a ɗaki guda. Waƙoƙin fim ɗin Sangaya suka tabbatar da kasuwar, sunan "kiɗan fiyano" ya zauna a bakin jama'a. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan sauyi da tasirin finafinan Indiya a cikinsa. Shata ya rasu a watan Yuni na 1999, daidai lokacin da fiyano ke karɓe fili.

A kan ayyukan waɗannan shekarun farko ne gardamar ta fi zafi. Masu suka na da hujja mai nauyi: kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, sautin ya hau ya sauka kamar harshen Hausa, har ya kira taken mutum ba tare da an buɗe baki ba. Yana kallon fili, ya ga wanda ya shigo, ya sauya kiɗa dominsa. Na'urar wancan zamani kuwa bugu ɗaya take maimaitawa, ba ta san sarki ba, ba ta san ango ba.

Masu kare su ma ba su rasa abin faɗa ba. Suna cewa a saurari tsofaffin kaset ɗin da kunnen adalci: duk da ƙarancin kayan aiki, yaran sun riƙe amshi, sun riƙe kirari, sun riƙe tafiyar kiɗan da ke tayar da mata rawa. A kan wannan tubali ne Aminu Ala, Nura M. Inuwa, Ali Jita da Umar M. Shareef suka yi gini, har aka kai ga "Jaruma" ta Hamisu Breaker da ta mamaye wayoyi a lokacin kullen korona na 2020.

  

Yanzu gardamar ta samu sabon reshe, wato haƙƙin magada. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, Barmani a 2013, amma muryoyinsu na yawo daga shagunan masu tura waƙa zuwa kwamfutocin DJ a Kubwa da Nyanya. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya na da hedikwata a nan Abuja, kuma Shugaba Buhari ya sanya hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a watan Maris na 2023. DJ na karɓar kuɗin aikinsa, mawaƙin da ya zo da kansa na kwashe liƙi, iyalan mai muryar da aka sabunta kuwa galibi ba su ma san an yi bikin ba.

Wasu iyalai a birnin sun raba gardamar da aljihunsu. Ranar kamu sukan kira masu kiɗan ƙwarya ko 'yan kalangu, daren dina kuma su bar wa DJ fili har a watse.