Baƙar Maɗaciya: Tarihin Kalma Guda a Turanci da Larabci

Kalmar nan ta Turanci, melancholy, tana cikin kalmomin da su ke ba mai fassara wuya, ko da Larabci ya ke aiki ko da Hausa. Abin mamaki kuwa, Larabawa sun riga Ingilishi sanin kalmar da shekaru ɗaruruwa, har ma ta hannun likitocinsu ne babban rabo na iliminta ya shiga Turai.

Asalinta na Yunananci ne, kalmomi biyu aka haɗa, melaina, watau baƙa, da khole, watau ruwan maɗaciya. Likitocin Yunanawa, tun daga almajiran Bukuraɗu har zuwa Jalinusu, sun ɗauka lafiyar mutum ta dogara ga daidaituwar ruwa huɗu a jikinsa: jini, da majina, da rawayar maɗaciya, da baƙar maɗaciya, wadda suka ce a saifa ta ke taruwa. In baƙar ta rinjayi sauran, sai tsoro da ɓacin rai su zaune wa mutum su daɗe, ba tare da wani dalili da ido ya ke gani ba. Wannan rashin dalili shi ne ƙashin bayan kalmar, ya kamata a riƙe shi.

A ƙarni na 9, sa'ad da Hunainu ɗan Is'haƙu (809–873) da almajiransa su ke juya littattafan Jalinusu a Bagadaza, Larabci ya karɓi abin ta ƙofa biyu. Ruwan kansa aka fassara shi, aka ce almirratus sauda'u, ko sauda'u kurum. Sunan cutar kuwa aka are shi yadda ya ke, ya zama malikhuliya ko malankhuliya. Littafin da Rufus na Afisa ya rubuta a kan cutar ya ɓace a Yunananci, guntayensa da yawa a cikin Larabci suka tsira, musamman a Alhawi na Arrazi. A farkon ƙarni na 10 Is'haƙu ɗan Imrana, mutumin Bagadaza da ya yi aikin likita a Ƙairawan, ya riga ya wallafa maƙala sukutum a kan malikhuliya. Ita ce Kustantin Ba'afirke ya juya zuwa Latinanci a gidan ibada na Monte Cassino a ƙarni na 11, bai kuwa ambaci sunan mai ita ba. Ibn Sina ya ba cutar fasali a Alƙanun, wanda ya kammala a 1025, aka juya shi a Toledo a ƙarni na 12, ya zama littafin karatu a jami'o'in Turai.

Ta Latinanci da Faransanci kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 14, tana sunan ruwa da sunan cuta, daidai da yadda Larabawa suka san ta. Daga nan ne hanya ta rabu. Akwai wata tsohuwar magana da a ke jingina wa Aristo, cewa manyan masu hikima da mawaƙa galibinsu masu baƙar maɗaciya ne. Marsilio Ficino na Italiya ya farfaɗo da ita a 1489, sai cutar ta zama abin ado. A Ingila Timothy Bright ya yi mata littafi a 1586, Robert Burton kuma ya fito da nasa mai girma a 1621, inda ya yi ta kafa hujja da Ibn Sina da Arrazi. A waƙar Il Penseroso, wadda aka buga a 1645, Milton ya yi mata marhabin kamar baƙuwar kirki, Keats ma ya yi mata waƙa a 1819. Ilimin ruwa huɗu ya mutu a hannun likitocin ƙarni na 19, kalmar ba ta bi shi kabari ba. Ta koma sunan wani irin jimami mai sanyi, wanda mai shi ba ya ma son rabuwa da shi, har a kan siffanta yamma ko kiɗa da ita.

Larabci bai yi wa malikhuliya wannan gata ba, a ɗakin likita ta tsaya, kusa da hauka. Dalilin a fili ya ke: mawaƙin Larabawa ba shi da bukatar aro, tun Jahiliyya yana da huznu, da hammu, da gammu, da shajanu, da asa, kowace da gurbinta. Alkindi ma, da ya rubuta risala a kan dabarar kore baƙin ciki, da huznu ya yi aiki, ya kuwa ɗaure shi ga dalili, watau rasa abin ƙauna ko kuskure abin nema. Sauda'u ita ce ta yi yawo, amma a waje: a Farisanci da Urdu ta ɗauki ma'anar hauka da bege, a Turkanci ta zama sevda, watau soyayya mai ƙuna. A Larabcin yau, in an ce wa mutum saudawi, a kan nufi wanda ba ya hangen alheri a komi. Cutar da likitocin zamani su ke magani kuwa ikti'abi a ke kiranta.

Saboda haka mai juya waƙar Keats da malikhuliya ya mai da mawaƙi majinyaci, mai juya Burton da huznu kuwa ya mai da cuta ɓacin rai na yau da kullum. Na biyun ya fi haɗari, domin likitocin ƙwaƙwalwa har yanzu suna riƙe da kalmar ga wani nau'i mai tsanani na cutar damuwa, wanda ya kan hana barci da cin abinci, ya kan kuma kai mutum ga halaka kansa.

Malamin da ya ke koyar da waɗannan littattafai ga Hausawa yana da nasa tarko. Baƙin ciki ya yi kama da fassarar da aka yanka aka ɗinka, tun da ga baƙi ga ciki. Amma baƙin cikin Hausa yana da sanadi, mutuwa ko hasara, kuma in aka ce wane yana yi wa wane baƙin ciki, hassada a ke nufi. Ɗalibin da aka gaya wa Hamlet ɗan baƙin ciki ne, zai fita aji yana zaton kyashin sarautar baffansa ne duk abin da ke damunsa.