Karatun Fim, Fasahar Bidiyo da Kiɗan Na'ura a Jami'o'in Nijeriya

Karatun kafafen sadarwa na dijital fanni ne da ake koyar da ɗalibi yadda ake ƙirƙirar hoto da bidiyo da sauti, da tace su, da kuma yaɗa su ta hanyar kwamfuta da intanet. Yana da rassa biyu da ake yawan ambata tare da shi. Na farko shi ne fasahar bidiyo, inda mai zane ke riƙar kyamara a matsayin alƙalaminsa, ya shirya aikin da za a kalla a zauren baje koli maimakon gidan silima. Na biyu shi ne kiɗan na'ura, wanda ake haɗa shi da fiyano mai lantarki da manhajar kwamfuta, ko da babu makaɗi ko ɗaya a wurin. A Nijeriya, akasari ana samun waɗannan darussa ne a sassan aikin jarida, wasan kwaikwayo, zane-zane da kiɗa.

Asalin fannin

Ɗaya daga cikin ayyukan farko na kiɗan na'ura a duniya a Afirka aka yi shi. A shekarar 1944, wani ɗalibi ɗan ƙasar Masar, Halim El-Dabh, ya naɗi sautin bikin zar, wanda ya yi kama da bori, a birnin Alƙahira, sannan ya sarrafa muryoyin da na'urorin gidan rediyo. A 1948 Pierre Schaeffer ya fara harhaɗa kiɗa daga sautukan da aka naɗa a gidan rediyon Faransa, kuma a 1951 aka buɗe ɗakin kiɗan lantarki a gidan rediyon Kolon da ke Jamus. A 1959 jami'o'in Columbia da Princeton na Amurka suka kafa cibiyar haɗin gwiwa. Tsarin MIDI, wanda ya ba fiyano da kwamfuta damar yin aiki tare, ya fito a 1983.

Ita kuwa fasahar bidiyo, ana danganta farkonta da Nam June Paik, haifaffen Koriya, wanda ya baje kolin akwatunan talabijin da ya sauya musu aiki a garin Wuppertal na Jamus a 1963. A Nijeriya ta samu gindin zama a Legas, inda Bisi Silva ta kafa cibiyar fasahar zamani a 2007, kuma a 2009 Emeka Ogboh da Jude Anogwih da Oyinda Fakeye suka kafa ƙungiyar masu fasahar bidiyo.

A ƙasar Hausa

A Arewa, sana'ar ta riga makaranta. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset na kiɗan fiyano mai lantarki a gidan rediyon ƙasar Nijar da ke Yamai, aikin da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitarwa a 2013. A Kano kuma, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na kasuwa a harshen Hausa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan naɗar sauti na Kano irin su Iyan-Tama, inda yatsun mutum ɗaya ke kwaikwayon kalangu da sarewa da ganga. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya ƙara wa wannan salo farin jini, kuma a shekarar ce mujallar Tauraruwa ta fito da sunan Kannywood.

Mafi yawan waɗanda suka riƙe wannan masana'anta a hannun maigida suka koyi aiki. Yaro kan fara da riƙe fitila ko naɗe waya a sutudiyo, har ya kai ga zama a gaban kwamfuta. Wannan hanya ta fitar da ƙwararru, amma ba ta cika koyar da rubutun labari bisa ƙa'ida, ilimin sauti, dokar haƙƙin mallaka da adana ayyuka ba. Giɓin da ake sa ran jami'a za ta cike ke nan.

Sauyin manhaja

Koyar da aikin jarida a matakin jami'a ya fara ne a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a 1961, kuma a can ne aka buɗe sashen kiɗa na farko a ƙasar. Shekaru da dama digiri ɗaya ne ya ƙunshi jarida da rediyo da talabijin da talla. A farkon 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ƙarƙashin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, ta bayyana raba shi zuwa digiri bakwai: aikin jarida, hulɗa da jama'a, talla, watsa shirye-shirye, fim da kafafe masu haɗa hoto da sauti, sadarwa don raya ƙasa, sai nazarin bayanai da kafafen sadarwa.

A watan Disamba na 2022 aka ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i, CCMAS, wadda ta mai da sadarwa fanni mai zaman kansa. A tsarinta, hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, kowace jami'a kuma ta cike sauran kashi 30 daidai da buƙatun yankinta. A wannan kaso ne jami'ar Arewa ke da damar saka nazarin finafinan Hausa, waƙoƙin baka da kayan kiɗan gargajiya.

Inda ake koyarwa a Arewa

Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsangayar sadarwa, wadda Farfesa Umaru Pate ya fara shugabanta, tana kuma da gidan rediyon da ɗalibai ke gwada abin da suka koya. A jami'ar ne Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi yawancin bincikensa kan finafinai da kiɗan Hausa na zamani. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sassan zane-zane, wasan kwaikwayo da aikin jarida. Sashen zanenta ya gaji kwalejin da ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a cikinta a 1958. A Jos akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya, mai alaƙa da Jami'ar Jos, da kuma kwalejin talabijin ta NTA mai alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello. Sassan kiɗa kuwa, mafi yawansu a jami'o'in Kudu suke.

Ga ɗalibin da ya tashi a Dawaki ko wata unguwa a birnin Gombe, jami'o'in gwamnati mafi kusa su ne Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere da ke ƙaramar hukumar Akko, wadda aka kafa a 2011. A 2021 Farfesa Pate, wanda ya taka rawa wajen sake fasalin manhajar sadarwa, ya zama shugaban jami'ar ta Kashere.

Abin da ake koya da sharuɗɗan shiga

Darussan sun ƙunshi ɗaukar hoto, sarrafa haske, naɗar sauti, rubutun fim, zanen kwamfuta mai motsi, tace bidiyo da manhajoji irin su Adobe Premiere Pro, tarihin fasaha, da ɗa'ar aiki. Masu sha'awar kiɗa kan yi aiki da FL Studio ko Cubase. Ana kuma karanta dokoki, ciki har da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta shafi ayyukan da ake ɗorawa a intanet.

Ana shiga ta jarrabawar JAMB, tare da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci. Karatun shekara huɗu ne, ko uku ga mai shiga kai tsaye da difloma.

Ƙalubale

Fannin yana cin kuɗi. Kyamarori da kwamfutoci da lasisin manhajoji daga waje ake sayen su, suna saurin tsufa, kuma ba sa aiki sai da tsayayyar wutar lantarki. Inda kayan aiki suka yi ƙaranci, ɗalibi kan fita da takardar shaida hannunsa bai saba da na'ura ba. Akwai kuma batun karɓuwa a wurin jama'a: a 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen finafinai a Kofa da ke jihar Kano bayan adawar malaman addini da wasu al'umma.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya cike takardar neman gurbi, yana da kyau ya duba kundin JAMB na shekarar don ganin ainihin sunan kwas ɗin, ya tabbatar NUC ta amince da shi a wannan jami'ar, sannan ya bincika ko sashen yana da sutudiyon da ɗalibai ke aiki a cikinsa.