Daga tamar Dala zuwa shagon walda a Lugbe

A makon jiya wasu maƙeranmu suka baje kolin aikin hannunsu a harabar Islamiyyar unguwa: zobba, munduwa, 'yan kunne, tasoshin tagulla, har da linzami da likkafa guda. Yara suka yi ta tambayar ko daga Dubai aka kawo su. Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya kamata mu ɗan waiwaya.

Ƙira ta riga mu zuwa wannan ƙasa da nisa. A Taruga, ba nisa da nan sosai, Bature mai binciken tarihi Bernard Fagg ya tono murahun narka tama a shekarun 1960, kuma an ƙiyasta sun haura shekara 2000. Wato tun kafin dokar 1976 da ta yanka Abuja, ana zuga wuta a wannan yanki na Gbagyi.

Mu kuwa da muka zo daga Kano, labarin da muka gada shi ne Abagayawa, maƙera daga Gaya, suka bi tama har gindin dutsen Dala suka zauna. Da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa kasuwar Kurmi, sana'ar ta sami rumfa. A Sakkwato har yau akwai unguwar Maƙera Asada.

Maƙera kashi biyu ne, kuma yaranmu ba su san bambancin ba. Maƙerin baƙi shi ne na garma da fartanya da lauje da gatari; in ya yi fushi damina ta lalace. Maƙerin fari na azurfa da tagulla ne, kayan mata da na doki. Kowa da uwar maƙerarsa da zugazuginsa da awartaki, amma hannun ba ɗaya ba ne.

To ina azurfar take fitowa, tunda ba haƙa ta muke yi ba? Yawancinta kuɗi ne aka narka. Fatake sukan shigo da liyari, kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tareza ta Ostiriya, wanda ake ta bugawa da shekarar 1780 a jikinsa ko da an buga shi bayan haka da daɗewa. Sai maƙeri ya mai da shi munduwa. Nan ne abin da muka fi so a gane. Munduwar kakarmu asusu ce. Ba ta da banki, ba ta da takarda. In fari ya zo, ko aure ya mutu, ko ɗa ya kwanta ciwo, sai ta cire guda a auna, a ba ta hatsi. Malamanmu na Malikiyya ma sun ce kayan adon da mace take sawa ba a fitar masa da zakka. Namiji kuwa zoben azurfa ne iyakarsa, zinariya ba tasa ba ce, ko da wasu samarinmu sun manta.

Yanzu fa? Mu 'yan kasuwa ba za mu wanke kanmu ba, mu ne muke cika lefe da sarƙar kanti mai ruwan gwal. Wata shida ta yi baƙi, kuma ran da aka matsu babu mai saye ko da kuɗin kati. Ɗan maƙeri ya ga haka, ya koma walda yana haɗa ƙofofi da tagogi a bakin titin filin jirgi. Ba laifi ba ne, halak yake ci. Sai dai mai haɗa ƙofa ba zai iya jan zaren azurfa ya murɗa shi ya zama ɗan kunne ba.

Wani dattijo cikin masu bajen ya ce mana rabonsa da almajirin ƙira ya daɗe, tagullar ma wajen 'yan gwangwan yake tsinto ta, tsoffin famfo da wayar lantarki. Mun sayi zobe biyu a hannunsa. Likkafar ya ce ba ta sayarwa ba ce, ta mahaifinsa ce, ya naɗe ta cikin tsumma kafin a kira la'asar.