Taskokin Shari'a Uku a Ƙasar Magarya da Dungas

Ɗakin littattafan shari'a na jami'a wuri ne da aka gina domin amsa tambaya guda: mece ce doka a kan wannan al'amari, kuma a ina aka rubuta ta? Ɗalibin da ya shiga irin wannan ɗaki a Yamai yana bin matakai sanannu. Da farko ya nemo dokar a Jaridar Gwamnati, wato Journal Officiel, inda ake buga kowace doka kafin ta soma aiki. Sannan ya bincika ko an yi mata gyara daga baya. Daga nan ya duba yadda manyan kotuna suka fassara ta a hukunce-hukuncensu, ya ƙare da sharhin malaman jami'a da kundayen ɗaliban da suka gabace shi. Wannan tsari yana aiki sosai idan maganar ta shafi kasuwanci ko laifi ko ƙwadago. Amma idan ɗalibin ɗan Magarya ne ko ɗan Dungas, kuma abin da ya kawo shi rikicin gonar gado ce da aka ba da aro tun zamanin kakansa, sai ya tarar rabin amsar ba ta cikin ɗakin. Dalilin haka yana cikin tarihin shari'a a kudancin Damagaram, inda taskoki uku suka daɗe suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowace da harshenta da masu tsaronta.

Taska ta farko ita ce ta malamai. Tun kafin zuwan Nasara, ƙasar Dungas tana cikin masarautun Sosebaki tare da Mirya da Waca, sarautar Magarya kuma tana da tushe a gidan sarautar Daura da ya warwatsu bayan jihadin farkon ƙarni na 19. Duka biyun sun shiga ƙarƙashin ikon Damagaram a cikin wannan ƙarni, musamman a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884. Alƙalan wancan lokaci da malaman da ake kai wa ƙara suna hukunci ne da littattafan mazhabar Malikiyya, irin waɗanda ake karantawa daga Borno har Sakkwato: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, Muhtasar na Halil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wadda aka tsara ta a waƙe don alƙali ya haddace ƙa'idojin shaida da rantsuwa da ciniki. A ƙasar Hausa kanta Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam don shiryar da masu mulki da masu shari'a.

Wannan taska ba ta da gini. Tana cikin gafaka da adaka, a zauren malam, an rubuta ta da tawada a kan takardun da fatake suka ƙetaro Sahara da su. Amma tana da hidimominta. Ana ba da aron littafi ga wanda aka amince da shi don ya kwafa. Almajiri yana zama gaban malam, ana karanta nassi da Larabci ana fassara masa da Hausa ko Barbarci kalma bayan kalma, shi kuma yana rubuta sharhi a gefen shafi. Idan matsala ta gagari malamin ƙauye, sai a aika tambaya birni wurin wanda ya fi shi littattafai. Malamin shi ne mai tsaron taskar, shi ne kuma fihirisarta, domin shi kaɗai ya san babin da amsa take.

Taska ta biyu ta zo da Faransawa. Bayan kisan Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898 da yaƙin Tirmini a 1899, birnin ya faɗa hannunsu, har ya zama hedkwatar yankin Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1904 da 1906, da aikin shata iyaka da ya biyo baya, su ne suka raba Magarya da ƴan'uwanta na Daura da Zango da Ɓaure. Iyakar ta raba hanyoyin shari'a ma. A kudu, Ingilishi sun bar kotunan alƙalai suna aiki, suka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934, daga baya kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta haɗa karatun shari'ar Musulunci da ta Turawa a harabarta ta Kongo. A arewa, dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta kafa kotunan ƴan ƙasa a duk Afirka ta Yamma ta Faransa, inda kwamandan yanki ke shugabantar babbar kotun yankinsa, dattawa da malamai suna zaune gefensa a matsayin masu ba da shawara, tafinta yana tsakani.

Kwamandan ba ya jin Larabci, sau da yawa ba ya jin Hausa, don haka ya buƙaci littafi a harshensa. Faransawa sun riga sun fassara Muhtasar a tsakiyar ƙarni na 19 saboda bukatun mulkinsu a Aljeriya, aka fassara Tuhfa a shekarun 1880, Léon Bercher kuma ya fassara Risala a shekarun 1940. Abin mamaki, daga fassarar Faransanci ta Perron ne wani jami'in Ingila mai suna Ruxton ya taƙaita Muhtasar a 1916 don amfanin jami'an Najeriya ta Arewa. Wato littafin da malamin Dungas ke karantawa kai tsaye a zaurensa sai da ya bi ta Aljeriya da Paris da Landan kafin ya iso teburin mai mulki. An kuma yi ƙoƙarin rubuta al'adun mutane: a 1939 aka buga Coutumiers juridiques de l'Afrique occidentale française cikin juzu'i 3, na ukun ya ƙunshi Nijar. Jami'an mulki ne suka tattara bayanan ta bakin sarakuna da tafintoci, saboda haka abin da ya shiga takarda shi ne al'ada kamar yadda masu iko suka so a ji ta.

A 1946 aka soke dokar indijena, aka kuma ɗora dokar laifuka ta Faransa a kan kowa. Bayan samun ƴancin kai a 1960, sabuwar ƙasa ta gaji kundin dokokin zamantakewa na Faransa mai asali tun 1804, amma ba ta yarda ta shafe al'ada ba. Dokar 16 ga Maris 1962 kan tsarin kotuna ta tanadi cewa a shari'ar aure, saki, nasaba, gado, kyauta, wasiyya da filayen da ba a yi wa rajista ba, al'adar masu ƙara za a bi. Dokokin da suka maye gurbinta a 2004 da 2018 sun riƙe wannan ginshiƙi, tare da sharaɗin kada al'adar ta saɓa wa doka ko yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta amince da su. Alƙalin da ya yi karatu da Faransanci yana zama da mashawarta biyu masana al'ada, galibi malamai, su faɗa masa abin da al'ada ta ce, shi kuma ya yanke hukunci. Yunƙurin samar da kundin dokar iyali ya ci tura a shekarun 1990, ya sake cin tura a 2011. Sakamakon haka, al'amuran da suka fi shafar rayuwar talaka sun ci gaba da zama a wajen kundayen da jami'a ke karantarwa.

Nan ne taska ta uku ta shigo, wadda ta girmi sauran biyun: ƙwaƙwalwar dattawa. A ƙasar Magarya da Dungas manomi ya san bambancin gado da saye da kyauta da aro da jingina da haya, ya san abin da damin hatsin da mai aro ke kai wa mai gona bayan girbi yake nufi, ya san inda burtali ya bi da lokacin da ake sakin gonaki ga dabbobi. Iyakar gona gamba ce ko wani tsohon icce, shaidarta kuma maƙwabta ne da mai gari. Wannan tsari ya wadatar lokacin da daji ke da faɗi. Ƙidayar 2012 ta nuna mutum sama da dubu 570 a gundumar Magarya, da sama da dubu 350 a gundumar Dungas wadda aka cire daga jikinta a 2011, abin da ya sa yankin ya zama cikin mafi cunkoson karkara a Nijar. Gonaki sun tsuke, saura ta ɓace, hatta gawon da manoma suka yi ta rainonsa a gonakinsu tun shekarun 1980 ya zama dukiyar da ake jayayya a kanta. Jawabin Janar Seyni Kountché na Disamba 1974, wanda ya ba mai noma gona haƙƙi a kanta, ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya: jikan mai aro yana kafa hujja da jawabin shugaban ƙasa, jikan mai gona yana kafa hujja da al'ada, kowannensu yana da shaidu. Idan shaidu suka ƙare sai a koma rantsuwa da Alƙur'ani. Masanin nan ɗan Danmak, Christian Lund, ya bi diddigin irin waɗannan rigingimu a jahar Damagaram, ya nuna a littafinsa na 1998 yadda shari'a guda kan yi ta yawo tsakanin mai gari da hakimi da jami'in gunduma da kotu, ana tayar da ita duk lokacin da mulki ya sauya hannu.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ita ce yunƙuri mafi girma na mayar da wannan taska ta baka zuwa rubutu. Ta daidaita darajar mallakar da aka samu ta hanyar al'ada da wadda aka samu ta takarda, ta kuma kafa kwamitocin filaye, waɗanda jama'a ke kira Kofo, a matakin gunduma, daga baya aka faɗaɗa su zuwa ƙananan hukumomi da ƙauyuka. Mirya na cikin wuraren da aka fara gwada su a 1994. Kwamitocin suna ba da takardun shaidar saye, gado, aro da jingina. Sarakunan gargajiya kuma, waɗanda doka ta ba su ikon sulhu, ana bukatar su rubuta sakamakon kowane sulhu ko rashinsa kafin magana ta wuce kotu. Ta haka, cikin shekara 30, takardu masu ɗimbin yawa suka taru a fadodin hakimai da ofisoshin Kofo da ɗakunan ajiyar kotuna. A cikinsu ne ainihin shari'ar filaye ta wannan yanki take kwance, shari'ar da aka yi aiki da ita a kan mutane na gaske.

Su kuwa jami'o'i sun taso a wata hanya daban. Jami'ar Yamai, wadda aka soma a 1971 aka kuma raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, ita ce ta horar da mafi yawan masana shari'ar ƙasar. Jami'ar Musulunci ta Say ta buɗe a 1986 da karatun shari'a cikin Larabci. A 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram, Maraɗi da Tawa, Tawa ce kuma ta samu tsangayar shari'a. Ta Damagaram tana ɗauke yau da sunan André Salifou, marubucin tarihin masarautar da aka buga a 1971. Rubuce-rubucen Larabci da ajami dubbai, waɗanda Boubou Hama ya soma tarawa, suna cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta IRSH a Yamai. Takardun zamanin kwamanda suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, ita ma a Yamai, kimanin kilomita 900 daga Damagaram. Intanet ta rage wani ɓangare na nisan: dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda Nijar ta sa hannu a yarjejeniyarsu a 1993, ana samun su kyauta, dandalin Juricaf kuma yana ɗauke da hukunce-hukuncen manyan kotunan ƙasashe masu amfani da Faransanci. Sai dai abin da ke hawa intanet shi ne abin da ya riga ya kai babban birni. Shari'ar gona kaɗan ce ke kai wa can. Yawancinta tana ƙarewa a ƙofar hakimi.

Illar wannan rarrabuwa tana sauka a kan mutane. Alƙalin da aka turo daga wata jaha ba shi da littafin da zai duba ya ga yadda magabatansa suka yanke irin shari'ar da ke gabansa, sai ya dogara kacokan da bakin mashawarta. Matar da fiƙihu ya ba ta rabon gado, al'adar wasu gidaje kuma ta hana ta gona, ba ta da wurin da za ta je a nuna mata hukuncin da ya taɓa tabbatar wa wata irinta haƙƙinta. Dattijon da ya san iyakoki yana rasuwa, gara da ruwan damina suna cin takardun da ba a adana da kyau ba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Aikin da ke jiran ɗakunan littattafan shari'a na jami'o'in Nijar a bayyane yake, kuma bai fi ƙarfinsu ba: ɗaukar hoton rajistocin sulhu da hukunce-hukuncen al'ada na gundumomi, da izinin masu su tare da sakaya sunayen masu ƙara, jera su bisa batu, aro daban, jingina daban, gadon mata daban, ajiye Risala da Tuhfa da Muhtasar kusa da kundayen Faransanci don ɗalibi ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu, da tsara ƙamus na kalmomin shari'a cikin Hausa da Larabci da Faransanci. Kundin tsarin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A harshen Hausa ake ba da aron gona a Dungas, da shi ake shaida a Magarya, da shi ake sulhu a gaban hakimi tun kafin Tanimun. Rajistocin suna nan a akwatunan fadodi da ofisoshi, kuma yawancin waɗanda suka sa hannu a kansu suna raye, ana iya tambayarsu abin da suke nufi.