Yadda Tambari da 'Yan Rakiyarsa Suka Taru a Ƙofar Fada

A ƙasar Hausa ta dā, kowace ganga da mai ita. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya kuma ta maharba da 'yan bori. Mata a cikin gida suna da ƙwarya da shantu. Mutum yana daga ɗaka zai ji amo ya san ko Sarkin Pawa ne ke biki, ko gayya aka kira a bayan gari. A saman wannan tsari duka akwai kayan da talaka ba ya kusanta: tambari, da kakaki, da farai, da jauje, da taushi, da kotso. Waɗannan na sarauta ne. Sai dai ba rana ɗaya suka haɗu a ƙofar fada ba. Kowanne da hanyar da ya biyo, kuma bin sawunsu bin sawun mulkin ƙasar ne.

Tsohon littafin nan na tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa tun kafin zuwan Bagauda kiɗa yana da shugaba. Cikin manyan da ke kewaye da Barbushe a gindin Dala, an ambaci maƙeri da mai magani da mai gadin gari, aka kuma ambaci Jandodo, wanda ke riƙe da sarautar makaɗan gunduwa da kuru. Waɗannan ganguna na bauta ne, ana kaɗa su a hidimar Tsumburbura. Wato tun a wancan zamani makaɗi ma'aikacin hukuma ne mai muƙami, kuma gangar da ke hannunsa tana da lokacinta da wurinta.

Kaya na biyu daga gabas suka zo. A zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, wani ɗan sarautar Barno da ake kira Dagaci ya sauka Kano da jama'a mai yawa da malamai. Littafin ya ce ya zo da ganguna da kayan busa da tutoci da bindigogi. Barno a lokacin ita ce babbar daula a wannan yanki, kuma tana da hulɗa da Masar da Arewacin Afirka, inda sarakunan Musulunci suka daɗe suna ɗaukar tambura da kayan busa a matsayin alamar mulki. Daga yamma ma haka abin yake. Ibn Battuta, da ya ziyarci Mali a 1352, ya ga ana fitowa da Mansa Sulaiman da ganguna da ƙahonni. Ƙasar Hausa tana tsakanin waɗannan dauloli, fatake da malamai suna ratsa ta, don haka abin da aka gani a can bai daɗe ba ya iso nan.

Wanda ya tattara waɗannan ya mai da su tsarin fada shi ne Muhammadu Rumfa, Sarkin Kano daga 1463 zuwa 1499. Shi aka danganta wa gina gidan sarki da har yau ake kira Gidan Rumfa, da kafa kasuwar Kurmi, da dawakin zage, da figini, da kuma kakaki. Duk abubuwan nan manufarsu guda: a bambanta sarki da kowa, a ido da a kunne. Kakaki doguwar busa ce ta ƙarfe, tsawonta kan wuce na mutum, kuma sautinta biyu ne kacal ko uku, amma da su mabushi ke furta kirarin sarki yadda duk Bahaushe zai gane. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, shi ya sa kakaki da algaita da kalangu suke iya magana. Abin da ake kira take ke nan, kuma kowane basarake da nasa.

Tambari shi ne uban tafiya. Babban akushi ne da aka sassaƙa daga kututturen itace, aka rufe bakinsa da fatar sa, aka ɗaure tam. Ba a kaɗa shi don nishaɗi. Ana jin sa ranar naɗin sabon sarki, da daren salla, da ranar hawa, da lokacin da aka ɗaura yaƙi. A fagen daga kuwa, ƙwace tamburan abokin gaba daidai yake da karya shi, shi ya sa ake tsaron su kamar tuta. Suna da ɗakinsu a fada, suna da Sarkin Tambura mai kula da su, kuma sarautar gado ce. A wasu masarautu akan taru a ƙofar fada kowane daren Juma'a, makaɗa da mabusa su yi ta yi, abin da ake kira sara. Amfaninsa a sarari yake: mutanen gari su ji cewa sarki yana nan lafiya, mulki kuma yana hannunsa.

Tambari da kakaki suna shela, amma ba sa ba da labari. Wannan aikin taushi ne da kotso. Taushi ɗan ƙaramin akushi ne mai fatar akuya, kotso kuwa yana da ƙugu irin na kalangu, sai dai bakinsa ɗaya ne a rufe, ɗayan a buɗe. Dukansu da hannu ake kaɗa su, kuma akan liƙa nake a tsakiyar fatar don amon ya yi zurfi. Da yake sautinsu bai cika ƙara ba, yana bar wa murya fili. A nan ne ƙungiyar makaɗan fada ta samu sifarta: jagora yana ja, 'yan amshi suna karɓa suna kiɗa a lokaci guda, sanƙira yana tsarma kirari yana fayyace wa jama'a wanda ake nufi. A bakin irin wannan ƙungiya ake adana jerin iyaye da kakannin sarki, da yaƙe-yaƙen da suka yi, da zambon 'yan'uwan da suka nemi gadon suka rasa.

Jihadin da aka fara a 1804 ya girgiza wannan gini. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da ya yaƙa. Abin da malaman jihadi suka yarda da shi shi ne ganga mai dalili, kamar ta yaƙi ko ta tara jama'a, da kuma shelar ɗaurin aure. Sarakunan da aka kora sun tafi da al'adunsu inda suka sake kafa gari: na Zazzau a Abuja, wadda yau ake kira Suleja, na Katsina a Maraɗi, na Gobir a Tsibiri, na Kabi a Argungu. A waɗannan wurare tsohon kiɗan fada ya ci gaba ba tare da yankewa ba. A biranen da aka ci kuwa, sababbin sarakuna sun tarar cewa talakawa sun saba gane mulki da wasu alamu. Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon Kano a 1819 cikin tawaye ta kowace kusurwa, ya farfaɗo da sarautu da alamomin mulkin gidan Rumfa don ya zaunar da ƙasa. Kafin ƙarnin ya ƙare, tambura da kakaki sun koma ƙofofin fada kusan ko'ina.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, yaƙi tsakanin masarautu ya ƙare, sai kayan da aka saba ji a fagen daga suka koma na hawan salla da hawan daba, irin wanda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Zaman lafiyar ya ba makaɗan baka dama. A wannan ƙarni ne aka yi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi, makaɗin taushi na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Sa'idu Faru, da Muhammadu Sarkin Taushin Katsina, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun.

A zamaninsu kuma shingen ya fara faɗuwa. Siyasar jam'iyyu ta shekarun 1950 ta buɗe wa makaɗan fada wata ƙofa, har Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa da kotson da dā sai mai rawani. Gidan rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, daga baya kaset, sun kai waƙar da dā sai a zauren sarki har rumfar mai shayi. Daga ɗaya ɓangaren, Mamman Shata ya ɗauki kalangun mahauta ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa da shi, har ya rasu a 1999 ba shi da ubangida guda. Barmani Choge ta fito da kiɗan ƙwarya daga tsakar gida zuwa dandali.

Yau yawancin waƙoƙin sarauta a situdiyo ake haɗa su, fiyano yana kwaikwayon amon kotso da kalangu, kuma mutum ɗaya yana yin aikin da dā sai ƙungiya. Taushi da kotso sun fi jin jiki, domin rayuwarsu ta dogara ga yaron da zai yi shekaru yana amshi a bayan ubansa kafin ya ja waƙa, ga kuma masassaƙin da ya san itacen da ya dace da kango. Tambari da kakaki su ne suka tsira da matsayinsu, saboda ba su taɓa shiga kasuwa ba. Har yanzu a Kano da Katsina da Zariya da Daura da Damagaram ba a naɗa sarki ko a yi hawan salla ba tare da su ba, kuma attajiri komai dukiyarsa ba ya aika a kawo masa tambari gidan biki.