Tarihin Ɗaure Fom da Bayanai a Shafukan Intanet

A zamanin da jQuery ke tashe, bayan John Resig ya fitar da shi a 2006, al'adar masu rubuta manhaja ita ce, idan mutum ya cika wani gurbi a fom, su da kansu ke rubuta umarnin da zai kai rubutun nasa ma'ajiyar bayanai, in kuma bayanan suka sauya su rubuta wani umarnin na mayar da su gurbin, aikin da wahalarsa ba ta ƙarewa, balle kurakuransa.

A 2010 ne mazhabobi biyu suka bayyana a kan wannan mas'ala. Steve Sanderson, mai Knockout, ya tafi a kan cewa kowane bayani ya riƙa sanar da sauyinsa ga waɗanda suka dogara da shi kaɗai. Miško Hevery na Google kuwa, a cikin AngularJS, ya zaɓi hanyar da ta fi sauƙi ga marubuci, ta fi nauyi ga kwamfuta: da zarar an danna harafi guda, sai manhajar ta zagaya dukkan abin da aka ɗaure tana gwada sabuwar ƙimarsa da tsohuwar, in ta tarar da saɓani ta sake zagayen, har sau 10 kafin ta haƙura ta shelanta kuskure, tamkar maigadin da ke bin rumfunan kasuwa kaf saboda ƙofa ɗaya ta motsa. Jama'a suka raja'a a kan hanyar Hevery, domin sauƙi yana da farin jini. Illar ba ta bayyana ba sai da fom suka yi tsawo, mai ƙaramar waya ya riƙa danna harafi yana jiran fitowarsa, har nasihar kada abubuwan da ake sa wa ido su haura 2000 a shafi ta zama ruwan dare a bakin ma'abota sana'ar.

React, wanda Facebook ya saki a 2013, ya wajabta wa bayanai bin hanya ɗaya tak, alhali shi ma yakan sake lissafin sashen fom a kan kowane harafi. A ganina hujjar Sanderson ce ta fi ƙarfi tun farko, ko da yake an jima ba a ba ta haƙƙinta ba. Google ya daina kula da AngularJS a ƙarshen 2021, sa'an nan a 2023 magajinsa, Angular 16, ya shigo da bayanai masu sanar da sauyinsu da kansu, irin na Sanderson.