Tarihin Majigi: A Haɗa Da Hannu Ko A Saya?

Yau maganar majigi za mu yi. Kwanan nan bidiyoyi sun cika TikTok da YouTube na yadda ake haɗa majigi da kwalin takalmi, da gilashin ƙara girman rubutu, da wayar hannu. Masu sauraro da dama sun tambaya: shin abin nan yana aiki, ko gara mutum ya tara kuɗinsa ya sayi na kasuwa? To kafin amsa, bari mu ɗan koma baya, don gardamar nan ta girmi TikTok nesa ba kusa ba.

Ita kanta kalmar majigi daga Turanci aka aro ta, daga sunan wata fitila da Turawa ke kira fitilar sihiri. Masanin Holan Christiaan Huygens ne ake dangantawa da ƙirƙirarta wajen shekarar 1659. Akwati ne, a ciki kyandir ko fitilar mai, sai hoton da aka zana a jikin gilashi, sai ruwan tabarau a gaba da ke jefa hoton a bango. Amma tun ƙarni shida kafin shi, Ibn al-Haytham, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi bayani a littafinsa Kitab al-Manazir yadda haske ke tafiya a miƙe, ya ratsa ƙaramar huda ya shiga ɗaki mai duhu, hoton abin da ke waje ya bayyana a bango a kife. Wanda duk ya gwada na kwalin takalmi ya ga fim ɗinsa ya fito ƙafa a sama kai a ƙasa, to dokar nan ce ta kama shi.

Hoto mai motsi kuwa, a ranar 28 ga Disamba, 1895, ne 'yan'uwan nan Lumière suka nuna wa masu biyan kuɗi fim a birnin Paris. Shekara takwas kacal bayan haka, a 1903, aka nuna fim a ɗakin taro na Glover a Legas.

A wajenmu majigi ya zo ne da fuska biyu. Akwai gidajen silima na 'yan kasuwa, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Akwai kuma motar majigi ta gwamnatin mulkin mallaka, wadda ke shiga gari-gari da injin wutarta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin kasuwa, a nuna fim kyauta kan tsafta da noma da cututtuka, wani na gefe yana fassara da lasifika. Ku tambayi kakanninku labarin Baban Larai, za ku sha labari. Sai dai ku lura da abu ɗaya: na'urar ba tamu ba ce, kuma mai na'ura shi ke zaɓar abin da za a kalla. Sannan silima ta zo da nata tashin hankalin. A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya a Kano, mutum sama da 300 suka rasu. Fim ɗin wancan zamani da sinadari mai saurin kama wuta ake yin sa, ga shi yana wucewa dab da fitila mai tsananin zafi.

Majigin bidiyo irin na yanzu ya fara fitowa kasuwa ne a ƙarshen shekarun 1980. Kamfanin Epson ya fitar da nasa mai allon LCD a 1989. Amma tsada! Har farkon shekarun 2000, sai kamfanoni da jami'o'i da masu hannu da shuni. Ko ƙwan fitilarsa kaɗai ɗaruruwan daloli ne, kuma bayan awa dubu biyu ko makamancin haka sai an canja.

A nan ne masu haɗin gida suka shigo, musamman a Amurka da Jamus. Sai mutum ya samo allon kwamfuta mai inci 15, ya kwance shi, ya cire fitilar bayansa, ya bar gilashin da ke nuna hoto zalla. Ya sa shi tsakanin faifai biyu na ruwan tabarau mai zobe-zobe da ake kira Fresnel. A baya ya kafa ƙwan fitila mai wat 400 irin na haska manyan shaguna, a gaba ruwan tabarau, a gefe fanka, duka a cikin akwatin katako da ya kai girman akwatin lefe. Ya yi aiki kuwa. Ƙwansa ya fi araha, ya kuma fi daɗewa. Matsalar ita ce allon LCD yana cinye mafi yawan hasken da aka aika masa, abin da ke ratsawa bai cika kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran duk zafi yake zama. Fanka ta tsaya na ɗan lokaci, allo ya ƙone.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne yadda ya ƙare. Masana'antun Sin suka ɗauki wannan tsari, allo ɗaya, Fresnel biyu, madubi, suka maye gurbin ƙwan da fitilar LED, suka matse shi cikin roba. Ƙaramin majigin nan mai araha da kuke gani a kasuwar Sabon Gari ko a intanet, in kun buɗe cikinsa, kusan abin da waɗancan mutane ke haɗawa ne a garejinsu. Yau in ka ce sai ka sayi kayan ɗaya-ɗaya, za ka iya kashe fiye da kuɗin sabo.

Don haka ga ra'ayina. In kana son buɗe gidan kallon ƙwallo, ko ƙungiyarku na son shiga ƙauyuka wayar da kai kan zaɓe ko rigakafi, sayi. Na kwali ba zai yi ba, saboda hasken wayarka an yi shi ne don tafin hannu, in ka baza shi a bango sai ya dushe, sai a ɗaki mai duhu ƙirin za ka ga wani abu. In za ka saya kuma, kar lambobin da ke jikin kwali su ruɗe ka. Tambayi ƙarfin haskensa a ma'aunin ANSI, ka sa a kunna maka a gani, ka kuma duba wat nawa yake ja in da sola za ka yi aiki.

Amma in malami ne kai, ko kana da ƙanne a gida, wallahi ku haɗa. Ku shafe cikin kwalin da baƙin fenti, ku kife wayar, ku riƙa matsa ta gaba da baya har hoto ya fito tas. Rubutu zai fito a juye, sai an sa madubi a tsakani ya miƙe. Yaron da ya gano dalilin haka da kansa ba zai ji tsoron kwance majigin gidan kallo ba ranar da fankarsa ta mutu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.